Na Bi Ɗana Alƙahira Kafin Su Tashi

Zariya zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Zariya ran Litinin. Shinge uku muka wuce, kowanne sai na ji kamar in sauka in ture shi da hannuna. Ɗana na fari sojan sama ne. Wata huɗu ke nan suna Masar da 'yan rundunarsu suna koyon jirgin da ke sakin bam, kuma ran Alhamis za a kwashe su zuwa fagen yaƙi. Ranar da ya shiga aikin nan na ƙi sa masa albarka, shekara tara ban janye ba. Abin da ya fito da ni ke nan.

Alƙahira

Daga Kano muka hau jirgi, awa biyar muka yi a sama. Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi mai sayar da abaya, wadda maƙwabciyata ta haɗa mu, ita ta tarbe ni ta kai ni gidanta a unguwar Abbasiya. Ta kawo wake da burodi, na ce ta ajiye. Muka kira wayarsa, a kashe. Ta ce ai in tafiya ta matso karɓe musu wayoyi ake yi.

Ƙofar sansani

Talata ƙarfe tara muka hau tasi, minti hamsin. Jirage biyu suka wuce ta kanmu har gilashin motar ya yi rawa. Sojan ƙofa ya yi Larabci, Hajiya Rabi ta juyo ta ce yana son sunan wanda muka zo nema.

Na ce ta gaya masa yaron nan ne, dogo, na Zariya. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, sai da suna. Ita ba ta sani ba, don ko sau ɗaya ban faɗa mata ba. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci. Shekara talatin da huɗu bai taɓa fita daga bakina ba.

"Iya, yalla, yi sauri," in ji ta, "mutumin nan zai rufe littafinsa."

Na dubi ƙasa na faɗa. Bai ji ba, sai da na sake da ƙarfi. Ku dai ba za ku ji shi a nan ba.

Bayan rabin awa ɗana ya fito cikin kayan aiki, ya rame. Ya durƙusa a kan kwalta.

"Inna, an ce ke da kanki kika kira sunana?"

"Cire hular," na ce.

Na ɗora hannuna a kansa, na faɗi abin da na hana shi shekara tara. Minti goma suka ba mu.

Gida

Juma'a bayan la'asar na iso Zariya. Sun tashi, ba a gaya mana inda suka nufa ba. Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya Rabi. Wanda ya karanta wannan, ya sa ɗana a addu'a.