Tsagar da ta Karkace

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, ni kaɗai ne mai ɗaukar hoto tsakanin Bebeji da Tudun Wada. Ba gwaninta ce ta ba ni wannan matsayi ba, rashin wani ne. Kyamarata akwati ce mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, ina ɗaure ta a bayan keke ina bin kasuwanni. Hotonta kullum dishi-dishi yake fita, kamar ka hango mutum ta cikin hayaƙin murhu. Tsofaffi kuwa suna son ta, domin tana shafe musu tamojin fuska.

Da na shiga Kano na sayo sabuwa, ta ratayawa a wuya, da gilashinta na ƙari na ɗaukar kusa, sai na zama abin dariya a gidanmu. Ban ɗauki mutum ko ɗaya ba a makon farko. Zanan gida nake ɗauka, da tabarma, da bindin zakara. In na wanke sai in fito tsakar gida da madubin ƙara girma, in duƙufa ina duba ko kowane sili ya rabu da ɗan'uwansa. Matata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin magidanci ya zauna yana ƙirga kara ba. Ni dai abin da nake so in sani shi ne ko kyamarar ta fi tsohuwar gani da gaske, ko kuwa ɗokin sabon abu ne yake ruɗa ni.

Ana cikin haka aminin mahaifina, wani dattijon manomi daga wajen Kiru, ya yi sallama. Tare yake da wani alhaji ɗan garinsu. Na san dattijon ba ya son hoto, yakan kau da kai in ya ga akwatina, don haka na yi mamaki. Bayan mun gama gaisawa alhajin ya faɗi abin da ya kawo su. Dattijon yana da wa wanda ya tafi hajji a ƙasa tun shi yana yaro, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. To a wani ƙauye na Sudan, inda mutanenmu suka yada zango suka zauna, alhajin ya tarar da wani tsoho mai tsaga irin ta gidansu. Ya yi masa maganar ƙani, tsohon ya ce an sha yi masa irin wannan albishir, shi ba zai yarda ba sai an nuna masa fuska. Alhajin zai koma bayan kaka, a mota, kuma ba ya jin zai sake wata tafiyar bayan wannan.

Abin da ake so a hoton ɗaya ne, tsagar gado ta fito. Matsalar ita ce fuskar dattijon duk ta yamutse, tsaga da tamoji sun cakuɗe. Na ɗauke shi da rana tsaka, fuskar ta fito tar, amma tsagar ta ɓace a cikin haske. Sai na roƙe shi ya kwana a gidanmu. Da hantsi na zaunar da shi a bakin zaure, rana tana dukan kuncinsa daga gefe, don kowace tsaga ta yi 'yar inuwarta. Na sa gilashin kusa, na matso har ina jin ƙamshin goron bakinsa. Ya tambaye ni, cikin zolaya, ko aske shi zan yi.

Da na wanke, farin ciki ya kama ni. Ga tsagar nan a jere, har ramukan gashin gemu ana gani. Amma da na sa madubi sai na ga abin da ban so ba. A kuncin hagu, tsagar ƙarshe ta kusa da kunne ta taho sak, sannan ta karkace kamar ƙugiya. Na ce shi ke nan, ko gilashin ne yake lanƙwasa abin da ke gefe, ko wani gashi ya hau fim. Raina ya ɓaci, na fara tsine wa mai kantin da na sayi kyamarar a zuciyata. A sana'armu akwai fensir da muke gyara irin wannan, kuma har na feƙe nawa. Sai na ga gara in fara duba mai fuskar.

Na hau keke na same shi a gona suna yankan dawa. Na nemi izini, na juya kuncinsa wajen rana. Ƙugiyar tana nan, a ɓoye cikin wata tamoji. Kyamarar ta ga abin da ni ban gani ba, duk da na tashi ina kallon wannan fuska. Ban gaya masa abin da na gani ba, na ba alhajin hoton yadda yake.

Sai da damina ta zagayo ta wuce kafin alhajin ya dawo. Dattijon ya aiko a kira ni, ya ce ba za a faɗi labarin ba sai ina wurin. Alhajin ya ce ya tarar idon tsohon ya tafi. Tsohon ya karɓi hoton ya shafa, ya ji takarda ce sumul, ya miƙa wa jikarsa. Bai tambayi yawan tsagar ba, domin duk danginsu iri ɗaya ce. Cewa ya yi ta duba ta ƙarshe, kusa da kunnen hagu, ta gaya masa ko a miƙe take. Yarinyar ta kai hoton bakin ƙofa ta duba, ta ce a karkace take.

Tsohon ya yi kuka. Ya ce ranar da aka yi wa ƙaninsa aska, shi ne ya kutsa don ya ga jinjiri, ya bangaji hannun wanzami. Ya sha duka ranar, kuma abin bai taɓa barin ransa ba. Ya ce ƙafarsa ba za ta kawo shi gida ba, amma a roƙi ƙaninsa ya yafe masa.

Dattijon ya kai hannu kuncinsa na hagu yana lalube, bai samu wurin ba.

"Ɗana, ina take?" ya tambaye ni.

Na kama yatsansa na ɗora a kai. Ya daɗe yana bin ta, daga sama zuwa inda ta lanƙwasa. Tausayi ya kama ni har na sunkuyar da kai.

"Ashe duk shekarun nan da hannunsa nake yawo a fuskata," in ji shi. "Na yafe, Yaya."