Manja a Hamadar Khaibar

Ko da tsufa zai sa in manta komai, ba na jin zan manta fitar da muka yi hamadar Khaibar.

Shekarar ce mahaifiyata ta zo Umara daga Kano, ta sauka wurinmu a unguwar Ƙurban, a Madina. Maigidana ya dage sai ya nuna mata yadda mutanen Madina ke fita su kafa tanti a hamada, inda ba lantarki ba famfo. Shi malamin jami'a ne, komai sai ya rubuta a takarda. Na ce ya bari in duba kayan, ya ɗaga min hannu: "Shi ke nan, ba mushkila. Ke dai ki ji da abinci." Na kuwa ji da shi: garin tuwo, kuka, daddawa, ko muciya ban bari ba.

Da hantsi muka sauka daga kwalta, muka yi ta kutsawa cikin baƙaƙen duwatsu har waya ta daina kamawa. Awa biyu muna kokawa da tanti. Ruwan roba da muka riƙo kuwa muka yi ta sha ba lissafi, tunda akwai manyan jarkoki biyu a bayan mota.

Azahar ta yi, Inna ta miƙo buta. Maigida ya kwance murfin jarka ya karkata, sai ga abu jawur yana malala. Manja! Ya buɗe ta biyu, man gyaɗa. Tsarabar da Inna ta aiko mana ce kafin zuwanta, tana ajiye a kicin kusa da jarkokin ruwa. Ya sunkuto bai buɗe ba.

"Amma fa na yi musu alama a takarda," in ji shi. Wallahi ji na yi kamar in juye masa a ka.

Inna ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, sai ta dube ni: "Ke, tambayi Malam ko takardar tana jiƙa maƙoshi."

Ban yi dariya ba. Inna na da ciwon suga da hawan jini, ruwan da ya rage bai kai rabin roba ba, rana kuma ta take. Muka yi taimama muka yi salla, muka cusa tantin a mota ko naɗewa babu. A hanya leɓen Inna ya bushe, na riƙa ɗiga mata ruwan da murfi, haushi da tsoro sun cika ni. Sai da ta shanye roba guda a gidan man farko, ta ce alhamdu lillahi, sannan hawaye suka zubo min.

Har yau in Inna ta kira, sai ta tambaya ko manjan Malam ya ƙare. Ni kuwa tun daga ranar, in za mu inda ba famfo ba kanti, ban yarda da "an ɗauka" ba. Kowace jarka sai na buɗe da hannuna na sansana.