Littafin da Tsaf Ya Ƙi Ɓatawa

A garejin kamfanin manyan motoci kowa Tsaf yake kiransa, har manaja. Sunan ya bi shi tun yana sabon ɗauka, shekara ashirin da biyu ke nan. Aikinsa juyen baƙin mai ne: mota ta hau kan rami, ya kwance noti, ya tare tsohon mai a faranti, ya juye a duro, ya zuba sabo. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san yadda ake komawa gida, amma shi Tsaf da farar hula yake zuwa, da farar hula yake tashi. Kanikawa kan ce ko jariri ka kwantar a daɓen sashensa ba zai kwashi datti ba. Uwarsa ce ta yi masa wannan horo. Mai wanki da guga ce, kullum tana gaya masa talaka ba shi da sutura sai tsabta. Ya riƙe maganar hannu bibbiyu, har ya kai ta inda ita uwar ba ta nufa ba.

Yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, yana kuma da ƙanen mata, wanda duk dangi ke kira Auta ko da yake furfura ta fara leƙo masa. Tsaf ne da kansa ya shiga ofishin manaja ya roƙa aka ɗauki Auta aiki, bayan da matar ta hana kunnensa sakat wata uku cur. Aka ba Auta sashen wankin motoci, can ƙarshen gareji, kusa da katangar baya. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, irin wanda in ka ba shi kofin shayi rabi ne zai kai baki. Yau ya ture bokitin sabulu, gobe ya bar famfo a buɗe. Tsaf ya raɗa masa Sarkin Ɓari, shi kuwa ya amsa da dariya, don tsakaninsa da mijin yayarsa ai wasa ne.

Haka aka zauna shekara goma sha biyu, Tsaf a sama, Auta a ƙasa, kowa ya san matsayinsa.

Sai manyan kamfanonin da ke ba su kwangilar ɗaukar kaya suka zo da sharaɗi: ba za su sake sa hannu ba sai garejin ya samo satifiket na kula da muhalli, irin wanda masu bincike daga waje ke bayarwa bayan sun duba yadda wuri ke sarrafa shararsa da mansa da ruwansa. Aka yi ta taruka. Aka sayo kwandunan shara kala-kala, aka rubuta a jikin kowane duro abin da ke ciki. Sannan aka raba wa kowane sashe littafi mai layi huɗu a tsaye: me ya faru, yaushe, mene ne dalili, me aka yi don kada ya sake faruwa. Aka ce ko cokali ɗaya na mai ya zuba a rubuta. Aka kuma ce ba a goge rubutu. In an yi kuskure a ja masa layi ɗaya, yadda za a iya karanta na ƙasan.

Tsaf ya karɓi nasa, ya sa masa bango da leda, ya ɗora a kan kanta. A ransa ya ce, mutum da hankalinsa ya kai ƙarar kansa da hannunsa? Ba wai mai ba ya zuba masa ba ne. Yana zuba, don babu mai juye duro shekara ashirin hannunsa bai taɓa gocewa ba. Amma da zarar ya zuba sai ya watsa garin sabulu, ya kunna tiyo, ya kora komai cikin wani ɗan rami mai murfin ƙarfe da ke kusurwar daɓensa. Kafin wani ya waiwayo wuri ya koma fes, littafi kuma yana kan kanta fari tas.

Na Auta kuwa kafin wata uku ya cika ya nemi wani. Duk shatin yatsu ne da jirwayen ruwa, rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Ranar da mai bincike ta zo, Tsaf ya sa kayan da aka yi wa guga har karinsu na iya yanka. Siririyar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta dubi daɓen, ta dubi durorin, sannan ta buɗe littafin ta juya shafi uku.

"Wata shida, ko ɗigo bai zuba ba?"

"Ko ɗigo, ranki ya daɗe."

Ta rubuta wani abu a takardarta ta wuce. Minti biyar ta yi a wurinsa. A wurin Auta kuwa sai da ta yi awa ɗaya da rabi a zaune kan kujerar roba, tana bin littafin layi-layi, yana nuna mata inda ya ɗaure bokiti da waya don ya daina kifewa, da inda ya yi wa famfo alama da jan fenti. Tsaf yana hange daga nesa yana murmushi, yana zaton asirin Sarkin Ɓari ne ke tonuwa.

A taron rufewa ta ce ba wurin da ba a kuskure take nema ba, don ba ta taɓa ganinsa ba. Wurin da ya san kuskurensa kuma yake gyarawa take nema. Ta ɗaga littafin Auta sama. Game da sashen juyen mai kuwa cewa ta yi littafinsa bai gaya mata komai ba, za ta sake dubawa baɗi. Satifiket ya fito, aka sa shi a gilashi a bakin ƙofar ofis. Manaja ya naɗa Auta wakilin muhalli na gareji, ya sa masa koriyar falmaran a gaban kowa, aka manna hotonsa kusa da satifiket ɗin. Ya ce duk shekara bayan bincike za a sake duba wanda ya cancanci falmaran ɗin.

Tsaf ya tafa kamar kowa, amma tafin bai kai zuci ba. Hassada ce, ba sai an yi mata kwaskwarima ba, kuma ta kama shi da kyau. Shi da ya yi shekara ashirin da ɗaya bai bari an ga tabo a wurinsa ba, a ce wanda ya riƙo wa hannu ya shigo da shi, wanda ba ya iya kai shayi baki, shi ne a bango? Ya fara zagayawa ta ƙaramar ƙofa don kada ya ga hoton. Kwandon shara kore ma haushi yake ba shi.

A gida abin ya fi ciwo. Yaran suka koma cewa Kawu ya ce kada a zubar da batir a bola, Kawu ya ce kaza. Wata rana da yamma ƙaramar ta tambayi Tsaf me ya sa shi ba a ba shi koriyar riga ba.

"Don ni ban iya ɓari ba," ya ce. "A garejinmu yanzu sai ka iya ɓarna ake ɗaukar ka hoto."

Matar tana ninke kaya, ba ta ɗago ba. "Maigida, ka dai bi a hankali. Hassada ga mai rabo taki ce."

"Wa ke hassada? Ni zan yi hassadar Auta? Ni fa na sama masa aikin."

"To ai shi ya sa na ce ka yi murna."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ƙarshen kowane wata, lokacin da Auta ke zagayen duba littattafai sanye da falmaran. Sai ya tsaya daga bakin sashen Tsaf, ya goge takalminsa, ya ce, "Yaya, ko ɗan layi ɗaya mana. Matar nan za ta dawo fa." Tsaf ya ce, "In na zubar zan aiko maka, Sarkin Ɓari." Da ma Auta ya yi girman kai da abin ya zo da sauƙi, amma ladabinsa sai ƙaruwa ya yi.

Saura mako biyu mai bincike ta dawo, Tsaf ya bi ta bayan katanga zai je wurin mai gyaran keke. Nan ya ga kwatar da ruwan gareji ke fita. A saman ruwan mai ne kwance yana walƙiya, ciyawar gefe ta yi baƙi ta mutu. Daidai bayan sashen wanki ne, inda Auta ke kula da ramin da ke tace mai daga ruwa. Tsaf ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi shekara guda. Bai gaya wa kowa ba. Kwana goma sha huɗu yana leƙawa don ya tabbata man bai gudu ba.

Da safiyar ranar bincike ya sauko da littafinsa, ya ɗauki biro da rula, ya yi rubutunsa na farko da hannu mai kyau kamar na malamin makaranta. Me ya faru: an ga baƙin mai a kwatar bayan katanga. Dalili: sakacin mai kula da sashen wanki.

Mai bincike ta karanta, ta dube shi ta saman tabarau, ta ce a je a gani. Suka fita su huɗu, ita da manaja da Auta da Tsaf. Fuskar manaja ta canza da ya ga kwatar, don satifiket ɗin da kwangilolin duk suna iya tafiya a wannan ruwa. Auta ya tsuguna har falmaran ɗinsa na taɓa laka, ya ture ciyawa da hannu. Ashe bututu biyu ne ke zuba a wurin. Na hagu, mai fitowa daga ramin tacewa, bakinsa wanke yake. Na dama, wanda aka yi don ruwan sama kaɗai, shi ne ya yi baƙi ƙirin, mai ya daskare a bakinsa kauri guda.

"Waɗanne ramuka ne a cikin gareji suke haɗe da wannan?" in ji mai bincike.

Babu wanda ya sani. Auta ya ce yana da koriyar kala da aka ba su a wurin horo don irin wannan. Zai shiga ya riƙa zubawa a ramukan ɗaya bayan ɗaya yana kora ruwa, su kuma su tsaya su gani. Ya tafi. Aka yi na farko, shiru. Aka yi na biyu, shiru. Tsaf yana tsaye, hannuwa a baya, sai ya ji ƙarar tiyo daga wani wuri da kunnensa ya sani sarai. Can sai ga ruwa kore shar yana bulbulowa ta bututun dama.

Auta ya dawo a hankali, idonsa a ƙasa.

"Daga ina?" manaja ya tambaya.

Auta ya sosa ƙeya. Sai da aka sake tambaya ya ce, "Ɗan ramin nan ne na kusurwa. A sashen juyen mai."

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tsaf ya ji gumi na bin bayansa a cikin rigar guga. Mai bincike ba ta ɗaga murya ba. Miƙa masa littafinsa ta yi da biro, ta ce layin dalili yana bukatar gyara. Ya ɗora littafin a kan katanga, ya ja layi ɗaya a kan abin da ya rubuta, kamar yadda doka ta ce, ya rubuta a ƙasa: ina kora man da ya zuba cikin ramin kusurwa da sabulu da ruwa.

"Tun yaushe?"

"Shekara ashirin da biyu, ranki ya daɗe."

"Rubuta."

Ya rubuta.

A taron rufewa ta ce satifiket zai tsaya, muddin a cikin kwana talatin an toshe ramin da siminti, an kwashe ƙasar kwatar, an kuma ajiye garin katako da yashi a sashen juyen mai don tsane abin da ya zuba. Ta ce abin da ya fi burge ta bana shi ne littafin da ya yi fiye da shekara a rufe ya buɗe baki, kuma wannan aikin wakilin muhalli ne da bai gaji da roƙo ba. Manaja ya ce ashe ba sai an wahala wajen neman mai falmaran ba. Aka tafa wa Auta.

Da aka watse Auta ya same shi a bakin ramin mota. "Yaya, wallahi da ba ka rubuta ba, da sai hukuma ta gano mu. Ka cece mu." Bai ce uffan a kan layin da aka soke ba, kuma har yau bai gaya wa yayarsa ba. Tsaf ya so ya zage shi, ya rasa ta inda zai kama.

Manaja ya sa aka ɗauki hoton shafin, aka sa shi cikin gilashin bakin ofis don sauran ma'aikata su koyi yadda ake cike littafi. Yana nan a ƙarƙashin hoton Auta, da kyakkyawan rubutun Tsaf da sa hannunsa, kuma duk wanda ya matso zai karanta abin da ke ƙarƙashin layin da aka ja. Yanzu akwai buhun garin katako a sashensa, hularsa ta daina kai yamma da fari, littafinsa ya kai shafi na tara.

Ya daina bi ta ƙaramar ƙofa. Kanikawa kan tsaya karanta shafin suna dangwala yatsu masu maiƙo a jikin gilashin, shi kuwa Tsaf ba ya iya wuce datti ya ƙyale. Kowace safiya sai ya ciro ƙyalle daga aljihu, ya huro iska, ya goge wurin rubutunsa. Sannan ya yi tsaki, ya miƙa hannu sama ya goge fuskar Auta ita ma, don rabin gilashi mai datti ya fi ƙarfin idonsa.