Kukan da Bube Direba Bai Ji Ba

Bube Direba kakana ne na wajen uwa, don haka ina da izinin faɗin abin da 'ya'yansa ba su iya faɗa. Mutumin Jabo ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ga girman kai kamar ya fi shi nauyi. A soja ya koyi tuƙi a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu. Da ya dawo bai sake kallon fartanya ba, ya kama aiki wurin Alhaji Ɗangiwa, mai sayen gyaɗa da auduga a Tambuwal.

Abin da ya yi suna da shi ba tuƙin ba ne, kunne ne. Mota na tahowa daga hanyar Sakkwato, tun ba a hango ta ba, zai dakata da taunar goro ya ce fulogi ɗaya ya mutu, ko kuma fetur ɗinta da ruwa. In ta iso aka buɗe, haka ɗin ne. Wannan ya sa ya raina makanikai ƙwarai. Cewa yake duk wanda sai ya kwance inji kafin ya san ciwonsa, mahauci ne ya ɓata hanya.

Abin dariyar shi ne, ɗansa na fari, Attahiru, makanike ne. Gidansu Bube masu shanu ne tun kaka da kakanni, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Ana yaye Attahiru aka kai shi Kebbe wurin dangi, can ya girma. Bube bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa kiran sunansa ba. In magana ta kama dole sai ya ce "wancan na Kebbe". Da Attahiru ya zama magidanci ya kafa rumfar gyara a tashar Tambuwal, uban bai taɓa kai masa mota ba. Ba ƙiyayya ba ce. An sha kama Bube yana satar kallon rumfar ta madubi. Shi kuma Attahiru in zai gaishe shi, daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kau da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Shekarar da aka sami mulkin kai, wani Bature da zai koma ƙasarsu ya sayar wa Alhaji tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya. Ta sha jiki tun kafin ta zo, amma a hannun Bube ta zauna lafiya. In ya tsayar da ita ya bar ta a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, sai ka ji tana numfashi a hankali kamar jariri ya ƙoshi.

Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, amma kunnensa bai tashi tare da shi ba. Ƙara mai kauri yana jin ta sama-sama, siririya kuwa ta tafi ke nan. Bai gaya wa kowa ba, har kakata Zahara'u. Sai ya koyi dabaru. In ya ga ana dariya ya yi dariya, in an yi masa magana ya ce "To, to." Wata rana wani mutum ya gaya masa saniyarsa ta mutu, ya ce masa madalla. Kowa ya gane, amma wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa? Mutane suka riƙa ɗaga murya kaɗan kamar ba da gangan ba, shi kuma yana ganin asirinsa a rufe yake.

A cikin wannan hali motar ta fara ciwo. A kan hanya tana gudu lafiya. Da zarar an tsaya sai inji ya riƙa hawa yana sauka, ta yi rawar sanyi, ta yi tari, wani lokaci ta mutu ɗungum. Tare da rawar akwai wani siririn kuka daga cikin inji, kamar mutum na zuƙar iska ta tsakanin haƙora. Mata masu sayar da nono ma sun san kukan nan. Bube kaɗai ne bai san da shi ba. Rawar yake ji a sitiyari.

Ya yi duk abin da ya sani. Ya kwance fulogai ya kankare su. Ya tace fetur da ƙyalle ko da ruwa a ciki. Ya sauke kafireta ya wanke, ya hura ƙananan ramukanta da baki har leɓensa ya saɓule. Ba abin da ya sake. Daga ƙarshe ya murɗa sukurun silo ya ƙara mata wuta don kada ta mutu, sai ta koma ruri a tsaye, tana shan fetur, giya na kartawa in zai saka. Ya riƙa cewa fetur ɗin zamanin nan ne ba shi da kyau, na Turawa ya fi. Ni dai na san tsoro ne ya kama shi, don ya fi kowa sanin cewa da kunnensa na nan da tuni an wuce wurin.

Attahiru ya gane ciwon tun wucewar motar ta farko ta gaban rumfarsa. Iska ce take shiga inji ta inda bai kamata ba, shi ya sa silo ya ƙi zama. Amma ɗan fari ba ya zuwa ya koya wa ubansa aiki. Sai ya aiki Goggo Lauratu, ƙanwar Bube. Ita kuwa abin da ta sani game da mota shi ne a shiga a zauna. Ta je ta kwarma masa a kunne wai an ce ya duba wata roba. Ya ce roba a jikin mota ta fi gashin kanta yawa, wa ya ce? Da ta faɗi wanda ya ce, sai ya kau da kai ya ci gaba da alwala. Maganar ta mutu nan.

Kakar gyaɗa ta zo. Ran kasuwar Tambuwal, da hantsi, motar ta mutu a tsakiyar hanya da buhuna a bayanta, jakuna da mutane suka cunkushe. Alhaji Ɗangiwa mutum ne mai haƙuri, amma ranar haƙurin ya ƙare. Ya ce gobe za a tafi Kebbe, hanya duk rafi da yashi, ba zai shiga daji da motar da ke mutuwa in an ɗaga ƙafa ba. In ba ta gyaru yau ba zai nemo direba daga Sakkwato. Bube ya ce masa, "To, to." Dole Alhaji ya maimaita da ƙarfi, har masu awon gero suka ɗago kai.

Bube ya juya handul ya tayar da ita, ya buɗe bonet, ya sunkuya ya kara kunne kamar yadda ya saba. Kukan na fita a gaban hancinsa. Mutane sun yi da'ira, kowa na ji, kowa na kallon ƙasa.

Sai ga Attahiru. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen taya, ya kau da kai, ya ce a hankali, "Baba, tiyon ga na bayan kafireta ya tsage. Iska shi ka sha."

Bube bai ko motsa ba. Attahiru ya sake faɗa. Ladabin da aka koya masa tun yana yaro, shi ne daidai abin da uban ba zai iya ji ba. Abin da ya rage shi ne ya miƙe ya daka wa mahaifinsa tsawa a tsakiyar kasuwa, wannan kuwa ba zai iya ba. Goggo Lauratu tana wurin, ta ce ta ga gumi na ɗiga daga haɓar Attahiru.

Sai ya miƙe ya kama hannun uban. Tunda aka haife shi hannuwan nan ba su taɓa haɗuwa ba. Bube ya zabura zai fizge, Attahiru ya riƙe, ya kai yatsan uban bayan kafireta, ya ɗora a kan wani siririn tiyo na roba. Tsagar ta tsotsi yatsan. Nan take inji ya daina hawa da sauka, rawar ta tsaya cik. Attahiru ya ɗaga yatsan, rawar ta dawo. Ya mayar, ta tsaya.

Gyaran bai ɗauki lokacin shan fura ba. Bube ya yanke wurin da ya tsage da wuƙa, ya mayar da sauran tiyon, ya ɗaure da waya. Ya sassauta sukurun silo a hankali, tafin hannunsa a kan inji, har ta koma numfashinta na da. Wani ya fara cewa madalla, bai sami mai taya shi ba.

Bube bai dubi ɗansa ba. Sai ya juya ga Alhaji, ya yi tambaya da irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa.

"Tsagar ga, kuka ta ka yi?"

Alhaji ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

Alhaji ya matso ya ce da ƙarfi, don ba yadda zai yi, "Tun damana, Malam Bube."

"Kowa na ji?"

Bube ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi watanni yana gaya wa fetur ne ba shi da kyau, su kuma suna ce masa gaskiya ne.

Washegari ya kai Alhaji Kebbe ya dawo da shi, motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Attahiru kuwa rumfarsa a rufe ta kwana ta wuni, kunya ta hana shi fitowa, yana ganin ya tona wa ubansa asiri. Da suka sauke kaya Bube ya goge sitiyari da hannun riga, ya miƙa wa Alhaji makulli. Alhaji ya ce ai magana ta wuce, mota ta gyaru, ba ya neman kowa. Har rantsuwa ya yi masa.

Bube ya ce, "Mota ta gyaru, Alhaji. Yau roba ta. Gobe ɗan wani na ka kuka bayan taya, in ce mai to, to."

Alhaji ya ce a bari a kai shi gida a motar. Ya ƙi. Ya rataya butarsa ya kama hanyar Jabo a ƙasa, yana tafiya can gefe cikin ciyawa, don ba zai ji abin da ke tahowa a bayansa ba.