Kwali Sittin Ba Soso

Yayata ta shafe shekara ashirin da shida tana naɗe kaya a kwali, amma in ka tambayi mutanen gidanmu aikin me take yi, cewa za su yi, "Tana dai zuwa shago." Shagon kayan fashewa yake sayarwa: kofunan gilashi, farantan tangaran, butocin shayi, fitilun ado. Mutum ya zaɓa ta waya, mu naɗe mu sa masa a mota. Ni ce mai amsa waya, wato ni ake zagi idan kaya ya isa a farfashe. Ita kuwa Yaya tana can ɗakin baya, da teburinta mai gajeruwar ƙafa ɗaya da aka tokare da guntun katako, da almakashi ɗaure da igiya don kada ya yi ƙafa, da salatif, da farin soso jibge har rufi.

Da shara ta fara a shagon, shekarar da mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. Wata rana mai naɗe kayan bai zo ba, Tsohon Oga ya ce ta gwada. Ta naɗe kwali tara, duk suka isa lafiya, shi ke nan tsintsiya ta koma hannun wani. A bakin teburin nan ta yi wa yara ukun nan makaranta, ta aurar da biyu. Ni ma ita ta roƙar mini aikin wayar, abin da har yau ban yanke ko in gode mata ba.

Tana da wata ɗabi'a da direbobi suka tsana. In ta gama rufe kwali sai ta ɗaga shi kusa da kunne ta girgiza. In ta ji ko ƙis, sai ta farke salatif ta sake daga farko, ko da kuwa direba yana waje yana danna oda kamar zai tashi unguwa. Su suka sa mata suna Mai Kunne. Ita kuma ba ta taɓa nuna ta ji ba, wanda ya nuna maka kunnen ma zaɓen abin da zai ji yake yi.

Farin soson nan, ga wanda bai san shi ba, shi ne abin nan mara nauyi da ake cusawa a gefen sabuwar talabijin, wanda in ka karya shi yake zubar da ƙananan ƙwayoyi farare. Yaya tana sonsa fiye da yadda take son wasu 'yan uwanmu. In ka ja ta da magana sai ta lissafa maka da yatsu: ba shi da nauyi, ruwa ba ya jiƙa shi, ɓera ba ya marmarinsa, kuma ko ɗan dako ya yi jifa da kwali, shi zai sha dukan, ba kofi ba.

Duk gaskiya ne. Abin da ba ta lissafawa shi ne mun yi shekara da shekaru muna komawa gida da ƙwayoyinsa manne a mayafi, a gira, har cikin kofin shayi. Ba ya ruɓewa. Wanda muka share bara yana nan cikin kwata yana jiran na bana. Da damina ya toshe kwatar layinmu, ruwa ya shiga shagon telan da ke maƙwabtaka da mu har ya taɓa ƙafar kekensa, ya fito da wando a nannaɗe yana ambaton iyayenmu ɗaya bayan ɗaya. Da maigadi ya ce bari ya taimaka ya ƙone tarin da ke bayan shago, baƙin hayaƙin da ya tashi sai da mai sayar da lemo a bakin titi ya kwashe kayansa. Yaya ta leƙa ta taga ta ce, "Ai laifin mai ƙonawa ne." Soso dai ba ya laifi.

Da Tsohon Oga ya gaji ya zauna a gida, sai ɗansa ya karɓi shagon. Yaya ta san shi tun yana zuwa da majina yana wasa da kwalaye, shi ya sa yake kiranta Goggo. Mu kuma muna ce masa Ƙaramin Oga, a bayan idonsa. Wata safiya ya tara mu a ɗakin baya ya yi mana huɗuba a kan duniya da yadda ɗan Adam yake lalata ta. Ya yi maganar teku, ya yi maganar kifi, ya yi maganar jikokinmu. Duk tsawon huɗubar motarsa tana ƙofar shago a kunne, don kada sanyin cikinta ya gushe kafin ya fito.

Can ƙarshe gaskiyar ta fito. Wani babban kanti ne yake son ya riƙa ɗaukar kayanmu, da sharaɗin kada su ga ko ƙwayar soso a cikin kwali. Za su gwada mu da kwali sittin na kofuna da butoci, nan da mako uku.

"Goggo," in ji shi, da muryar nan tasa mai laushi, "ba wai ina cewa komai ba ne. Amma in kayan nan suka isa a fashe, dole in ba wani kamfani naɗin gaba ɗaya, in rufe ɗakin nan. Kin gane ai."

Ta gane. Ni ma na gane. Mace mai shekara hamsin da bakwai, wadda ba ta iya komai ba sai hana gilashi fashewa, ina za ta?

Shi ya fara kawo magani. Buhu huɗu na wani sabon soso da aka yi da sitaci, wai in ya gama aikinsa sai ya narke ya bi ruwa. Ya jefa ɗaya a kofin ruwa a gabanmu, ya narke. Ya jefa wani a baki ya tauna don mu ga ba guba ba ne. Muka tafa masa, tunda shi ke da shagon. Abin da bai zo ransa ba shi ne, abin da Oga zai iya ci, ɓera ma zai iya. Kwana biyu kacal labari ya zaga duk ɓerayen layin. Buhun da suka raga kuma yana daidai inda rufin yake yoyo, da safe muka tarar ya zama kunu.

Sai aka koma garin katako daga wajen kafinta. Kofi dai bai fashe ba, amma kwalin ya yi nauyin da direba ya tambaya ko bulo muka fara sayarwa. Matar da muka aika wa na gwaji ta kira ni ta ce ta wanke butar sau huɗu, har yanzu shayinta ƙamshin kujera yake. Na ba ta haƙuri, aikina ke nan.

Sai yankakkiyar takarda. Wannan ta yi kyau a ido, Ƙaramin Oga har hoto ya ɗauka. Yaya ta cika kwali, ta rufe, ta girgiza a kunne, shiru. Ta ba direba ya zaga da shi gari ya dawo. Da ta sake girgizawa sai ga ƙaras-ƙaras: takardar duk ta kwanta a ƙasa, kofunan suna sama suna gaisawa da juna. Mako biyu sun tafi a haka.

A ranar ce na ga Yaya ta zauna a kan kujera tsakar rana, abin da ban taɓa gani ba. Na ce, "Yaya, ko mu sa soson a ƙasa mu rufe shi da takarda? Wa zai tona?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke dai Allah ya shirye ki. Su buɗe su gani, a ce wa ya naɗe?"

Ta miƙe ta nufi tarin tsofaffin kwalayen da kaya suke zuwa mana a ciki, waɗanda muke bai wa masu gwangwan kyauta. Ta yanko dogon zube, ta lanƙwasa shi nan, ta tsaga shi can, ta soke wani cikin wani, har ya zama kamar ɗaki mai ƙananan ɗakuna. Kofi ya zauna a tsakiya, bai taɓa bango ba, bai taɓa ɗan uwansa ba. Hannun buta ta yi masa nasa lungu, bakin ma haka. Na farko ya ci mata awa biyu, kuma da ta sake shi daga tsayin ƙugu kofi ɗaya ya tsage. Ta ƙara lanƙwasa ɗaya a gindi. Ta sake saki. Ta hau kujera ta sake saki. Lafiya lau.

Kwana shida tana yanka kwali. Almakashin ya fasa mata babban yatsa, ta naɗe shi da salatif ta ci gaba. Ƙaramin Oga yakan leƙo ya ce, "Sannu Goggo, muna ƙoƙari," ya koma ofis ya huta daga ƙoƙarin.

Kwali sittin suka tafi. Kwana uku ina kallon waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Da kantin suka kira, cewa suka yi ko ɗaya bai fashe ba, kuma suna son sanin wane kamfani ne ya tsara mana abin cikin. Na ruga ɗakin baya ina ihu. Yaya ta ce, "To, madalla," ta juya ta fuskanci bango tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Wallahi na yi murna ranar, murna ta gaske, har tela na je na gaya wa.

Bayan mako guda Ƙaramin Oga ya shigo da wani mutum mai jaka da abin awo, ya ce daga kamfanin kwali yake, ya ji labarin Goggo ya zo ganin ikon Allah. Washegari Yaya ta sa atamfarta ta zuwa biki. Kwana biyu tana nuna masa. Ya auna, ya zana, ya ɗauki hoto. Da ya yi nasa na gwaji ta karɓa ta duba ta ce, "A'a ɗana, ka manta na gindin, nan ne ran abin." Ta kama hannunsa ta gyara masa. Ina tsaye ina kallo, ni da nake ganin ina da wayo.

Wata guda bayan haka mota ta sauke mana irin abin cikin nan na Yaya dami-dami, inji ya yanka ya lanƙwasa, an buga ɗan koren ganye a gefe. Ka buɗe, ka zura kofi, ka rufe. Direba ma yana iyawa da hannu ɗaya, yana waya da ɗayan. Ɗakin baya kuwa, da aka kwashe soso, sai Ƙaramin Oga ya lura ashe fili ne mai kyau da za a iya jera kaya.

Ya yi mata taro, kada a ce bai kyauta ba. An sayo lemo. Ya ce Goggo uwa ce, ta yi wa shagon nan abin da ba za a manta ba, ta kuma yi wa duniya, lokaci ya yi da za ta huta ta ji daɗin jikokinta. Aka tafa. Ta yi godiya, ta ce ya gaishe da Baba. A hanya na tambaye ta, cikin haushi, me ya sa ta nuna wa mutumin nan lanƙwasar gindin, da ta bar shi ya tafi da kuskurensa.

"Sai kofunan mutane su fashe?" in ji ta.

Yanzu tana gida. Kwatar layinmu ta daina toshewa, tela har gaishe ni yake yi. Ni ina nan a kan waya, kuma kullum in na tashi sai na biya ta wajenta. Takan bari in sha ruwa, ta tambayi zafin rana, ta tambayi direbobi, sannan ta kawar da kai ta ce, "Yau nawa suka fashe?" Sau da yawa nakan shirya mata ƙarya tun daga bakin titi, ko kofi biyu ne, ko hannun buta ɗaya. In na zo gabanta sai in kasa. Wata na biyar ke nan ko ɗaya bai fashe ba, kuma ni ce nake gaya mata.