Laburaren da Ya Fi Ƙarfin Allona

Ko da zan manta komai na shekarar da na dawo daga karatu, ba zan manta makonni ukun da na yi a ɗakin baya na sabon gidanmu a Gassi ba, daga ni sai kwamfuta da wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba.

Injin da ke jawo mana ruwa ya ƙone sau biyu saboda yana ta aiki bayan ruwan rijiyar ya ja baya. Na bugi ƙirji na ce wa Baba zan haɗa na'urar da za ta riƙa kashe shi da kanta. Baba ɗan kasuwa ne, jikan 'yan kasuwa, kuma kujerata na jirana a shagon yadinsa.

"Mako uku," in ji shi. "In ban ga aiki ba, kalas, shi ke nan, sai kasuwa."

Ƙwaƙwalwar allon ba ta jin yaren kwamfutata, don haka dole na fara gina kompilata, wato manhajar da za ta zauna a kwamfuta tana juya abin da na rubuta da yaren kwamfuta na C zuwa yaren allon. Na sha doguwar tafiya a bas zuwa Kabalaye, na sauko da kayan ginin daga intanet a siba, wato shagon intanet, na dawo ina jin kaina. Bayan awa huɗu ana gini, ya tsaya cak. Wai babu laburaren C, wato tarin ƙananan ayyukan da kowace manhaja ke dogara da su, ko da rubuta kalma ɗaya ne.

A nan na tafka wautar. A gidanmu an raine mu da cewa in za ka sayi abu, sayi babba, kada ka koma kasuwa sau biyu. Na koma Kabalaye na zaɓo laburare mafi girma, irin na manyan kwamfutoci. Kwana goma ina kokawa da shi cikin zafi, wuta na ɗaukewa ana tsakiyar gini in sake daga farko. Ina jiyo hirar 'yan gida a tsakar gida, amma ban taɓa fita na faɗi abin da ke damuna ba, don na riga na yanke cewa babu mai ganewa. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, har magana nake wa kwamfutar, wani lokaci da zagi.

Da ƙyar na yarda cewa ba zai taɓa shiga allon ba. Na sauko da ƙarami wanda aka yi don irin waɗannan na'urori, na gina rabin kompilatar, na gina laburaren da shi, sannan na ƙarasa sauran. Ranar da wa'adina ya cika, bayan la'asar, allon ya rubuto mini "sannu". Na kira Baba.

Ya duba ya ce, "To, ruwan fa?"

Na ce masa ban kai nan ba tukuna. Maimakon ya fita, sai ya jawo benci ya zauna.

"Gaya mini da Hausa abin da ya cinye maka mako uku."

Na zayyana masa komai. Ya girgiza kai.

"Kai ɗan nan! Kayan raƙumi ka ɗora wa jaki. Da ka tambaye ni tun ranar farko, ai da na faɗa maka."

Baba ba ya magana biyu. Ranar Litinin na fara zuwa shago, na'urar kuwa sai bayan wata biyu na gama ta. Har yau abin na yi mini ciwo, domin ba laburare ne ya kai ni kasuwa ba. Girman kai ne ya sa na rufe ƙofa, alhali mai amsar yana zaune a tsakar gida yana shan shayi. Tun daga ranar, in aiki ya cije mini, nakan faɗa wa na kusa da ni, ko da bai san komai game da kwamfuta ba.