Ƙullin Takardar da Abdu Ya Bar Mini

Ranar Talata da hantsi ina zaune a rumfata kusa da ofishin farfe, shugaban gundumarmu, a Magariya, inda nake rubuta wa mutane takardun neman abin da ba za a ba su ba, sai Lawali ɗan kabu-kabu ya tsaya, ko moto, wato babur ɗinsa, bai kashe ba. Ya ce, "Mushe," yadda ake kiran malamin boko a nan, "Abdu mai kontar ya rasu." Na tambaye shi wane Abdu, alhali na sani. Ya ce ya tafi Dogo-Dogo duba geronsa, ya sunkuya zai cire ciyawa, bai sake ɗagowa ba. Ba ciwo, ba jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alƙalamin da ke hannuna ya faɗi, har yau ban san wanda ya tsince shi ba.

Ban samu jana'izarsa ba. Kafin in samu abin hawa an kai shi makwancinsa, domin motona yana rumfarsa kwana huɗu, tun ranar da muka rabu ba daɗi.

Wanda bai san shi ba, Abdu shi ne mai gyaran wutar moto a bakin kasuwa. Da aka fara shigo da motocin da kontar ɗinsu gilashi ne mai nuna gudu da lambobi, ba allura ba, masu gyara da yawa sun ja da baya. Idan gilashin ya ɗauke, ko lambobin suka yi ta tsalle, sai su ce a sayo sabo. Abdu ne ya zauna ya koye shi da kansa, shi da bai taɓa shiga lakkol, makarantar boko, ba. Daga Dantchiao har ƙauyukan Dungass ana turo masa moto.

Yana da tsarin da ba ya ƙetarewa. Da batir yake farawa, sai fizibil mai tsinkewa idan wuta ta yi yawa, sai wayar mas da ke ɗaure a jikin ƙarfe, wadda tsatsa ke ci. Daga nan ya buɗe bayan fitila ya hura ƙasar da ta shiga mahaɗar wayoyi, sannan ya durƙusa wajen tayar gaba ya goge ɗan maganaɗisun da ke ƙirga juyin taya. Gilashin shi ne na ƙarshe. Yakan ce, "Gilashi bai da laifi, abin da aka aiko masa yake faɗa." Idan mai moto ya matsa masa da sauri, sai ya ce, "Waya ɗaya ce ta ɓata, bari in gaisa da su duka." Idan ya gama, abin da ya lalace, ko guntun waya ne, sai ya ɗaure shi da zare a hannun moto, kowa ya gani, mai shi ya tafi da shaidarsa.

Ni na karanci wuta a makaranta. Ina da diflom a akwati, asu ya ci gefensa. Na yi shekaru ina jiran aikin da aka ba 'ya'yan waɗanda suka san mutane, na koyar na ɗan lokaci, na ƙare da rubuta wasiƙu. Ban taɓa yafe wa ƙasar nan ba, kuma yau na yarda cewa ban taɓa yafe wa Abdu ba, domin ana layi a rumfarsa, ni kuwa ba wanda ya taɓa tambayata ko ƙwan fitila.

Ranar Juma'a na kai masa motona. Kontar yana nuna sifiri ina cikin gudu, wani lokaci ya mutu ya farfaɗo. Na ce masa na riga na bincika, gilashin ne ya ƙone, ya cire kawai. Ya gwada batir, ya duba fizibil, ya leƙa bayan fitila, ya daɗe yana kallo. Sannan ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya ce, "Mushe, ko wani ya taɓa wayoyin nan?"

Ni ne na taɓa. Makonni uku kafin nan na fere wayar kontar na jona cajar salula, na naɗe mahaɗar da baƙar leda don ban da tef. Amma 'yan kabu-kabu shida ne zaune a benci, kuma Lawali ya riga ya fara tsokana cewa yau boko ya zo asibitin jahilai. Sai na ce ba wanda ya taɓa. Ban tsaya nan ba. Na ce lokacin da nake zana hanyar wuta a allo shi yana bin jakai, kada wanda bai iya rubuta sunansa ba ya yi mini jarrabawa. Abdu ya goge hannunsa a tsumma, ya ce to, in bar moton, zai duba a hankali. Kalmar ƙarshe da na ji daga bakinsa ke nan.

Kwana uku na zaman makoki ina zaune a bayan mutane, ba na iya haɗa ido da kowa. Kowa na faɗin alherinsa: wanda ya gyara wa a hanya, wanda ya hana sayen gilashin da ba ya buƙata. Ni abu ɗaya ke cina, ko ya tafi da maganata a ransa.

Bayan addu'ar uku yayansa, Malam Sule, ya kira ni gefe, ya buɗe rumfar. Motona na nan a goge. Na murɗa makulli, lambobi suka kawo tar. Na duba hannun moton, ba zare, ba komai. Sai Malam Sule ya zaro ɗan ƙullin takarda daga aljihu. Ya ce tun ranar Asabar Abdu ya gama, ya ba shi wannan kafin ya tafi gona, ya ce idan na zo ba ya nan a sa mini a hannu, kada a ba ni gaban yaran benci. Na kwance. Guntun waya ne naɗe da baƙar leda, ta narke ta manne.

Na tambaye shi ko Abdu ya faɗi wani abu. Ya ce dariya kawai ya yi, ya ce, "Mushe ya gane wayar da ta dace, tef ne kawai bai samu ba."

Shekara da shekaru yana rataye laifin kowa a hannun moto. Nawa kaɗai ya ɓoye, ni da na tozarta shi. Shi ya sa na rubuta wannan, domin su Lawali da suka ji zagin su ji gaskiyar: ni na taɓa wayar, Abdu ya sani tun kallon farko.

Allah Ya jiƙan Abdu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa mini. Allah Ya ba matarsa da Malam Sule haƙuri, Ya raya 'ya'yansa, Ya sa albarka a geron da ya bari bai girbe ba. Ni kuma da ban samu neman gafararsa ba, Allah Ya yafe mini. Amin.